Yadda zaka zaɓi dabinon Aljeriya mai araha a kasuwar Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk shekara in azumi ya matso sai kaga mutane sun yi cincirindo gaban masu dabino a babbar kasuwa ko Kadro, kowa idonshi na kan ɗan kwalin nan mai hoton reshe da rubutun larabci wanda dabinon ciki ke sheƙi kamar an shafa mishi mai, su kuma buhunnan da ke jibge a gefe ba mai ko duƙawa ya duba sai masu kunun aya da masu neman na rabo wurin suna ko ɗaurin aure. Abin na damuna wallahi, saboda na san inda dabinon cikin buhun nan ya hito, kuma na san in mutum ya iya zaɓe, kuɗɗin da zai kashe kan ƴan kwalaye kaɗan zasu ɗaukar mishi abinda zai kai gidanshi har salla, yara su ci, a aika ma makwabta, a kai masallaci. Matsalar dai ita ce zaɓen, don cikin buhun akwai na ƙwarai akwai kuma wanda ƙwari sunka gama da shi tun bara.

Ni abinda na sani na koye shi ne wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, da ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas da Arlit har Tamanrasat. Shi ya fara gaya min cewa Aljeriya dabinonta gida-gida ne. Wanda duniya ta sani shine Deglet Nour na Tolga kusa da Biskra, can arewa maso gabas, shi ake sa ma kwali a kai Faransa, kuma irinshi ne Tunisiya ke nomawa a Tozeur da Kebili. Amma akwai wani yanki tsakiyar hamada da ba a cika jin sunanshi ba, Tuwat da Gurara da Tidikelt, wato wajen Adrar, Timimun, Reggan, Awlef da In Salah. Zafin wurin ya wuce misali, da bazara ya kan haura digiri 45, ruwan sama kuwa kusan babu, iska busassa ce ƙayau, shi yasa dabinon wurin yawanci tun yana bisa uwa yake tsanewa. Shi kuma busasshen dabino shine ɗan tahiya, zai yi sati da satittika bayan mota cikin rana bai yi komai ba. Turai bata nemanshi sosai, mu da Mali ne kasuwarshi tun kaka da kakanni.

Kuma fa mu Katsinawan Maraɗi wurin nan ba baƙonmu bane in munka duba tarihi. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya zo Katsina, a Tamantit cikin Tuwat ya zamna kafin ya biyo hanyar Ayar, kuma can Tuwat ɗin ya koma ya rasu, kabarinshi na wajen Zawiyat Kunta. Matafiyin nan Ibn Battuta ma da ya bar Takedda, wani tsohon gari wajen Ayar, a 1353 zai koma gida ta Tuwat ya bi, ya sauka wani gari Buda, ya ba da labarin cewa abincin mutanen wurin dabino ne da fara. Ranar da na fara jin wannan sai naji kamar ana maganar ƴan uwanmu, mu da buhunnan fara ke cika kasuwarmu da sanyi. Abinda ya fi burge ni shine yadda suke shayar da itatuwan: suna haƙa rijiyoyi a jere su haɗe su da rami ta ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya gangaro da kanshi har gona ba inji ba guga, suna ce mishi foggara, a bakin ramin akwai wani dutse mai haƙora kamar matsefi da ke raba ruwan kowa daidai rabonshi, akwai ma masu sana'ar auna ruwan waɗanda UNESCO ta sa iliminsu cikin abubuwan gado masu buƙatar ceto a 2018. To in ka ɗauki ƙwaya ɗaya cikin buhun nan mai ƙura ka tuna da irin wannan ruwan anka shayar da ita.

Hanyar da yake biyowa kuwa, daga In Salah zuwa Tamanrasat sama da kilomita 600, daga nan kamar 400 zuwa In Gezzam bakin iyaka, a tsallako Asamaka, Arlit, Agadas, sannan ko a biyo ta Tawa ko ta Damagaram da Tasawa a shigo Maraɗi, wani ya tsaya nan wani ya wuce Dan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano. Wani abu da ke sa shi araha, Aljeriya ta yarda ƴan kasuwar jihohinta na kudu su yi cinikin musaya da Nijar da Mali, a kawo busasshen dabino da gishiri da barguna a koma da bisashe, lalle, gyaɗa, kayan yaji da mangwaro, amma Deglet Nour baya cikin kayan musayar. Shi yasa shi kullum tsadarshi daban. Kuma ku lura da sunaye: mai kaya zai ce maka wannan digila ne, wannan ɗan Agadas, wannan ɗan Mali, sau da yawa sunan hanyar da ya biyo ne ya manne mishi, don na Adrar ma yana gangarawa ta Reggan zuwa Gao. Kalmar digila ko dagala ita kanta daga degla ta larabawan can take. Muna da namu na gida mai kyau, almadina na In Gall mai taushi da na Kawar, Bilma da Fashi da Jado, wanda ayarin Buzaye ke kawowa su musanya da hatsi, wannan maganar wata rana ce. Yau dai kar ka dogara da suna, dogara da hannunka da hancinka.

Kafin ka bar gida ka san aikin da zaka yi da shi, nan mutane da yawa ke ɓata kuɗɗinsu. Dabino kashi uku ne bisa ruwan da ke jikinshi: mai taushi da ruwanshi ya haura kashi 30 cikin 100, matsakaici tsakanin 20 da 30, sai busasshe ƙasa da 20. Mai taushi ya fi daɗin buɗa baki amma a zafin Maraɗi ba firigo baya jimawa yake tsami. Busasshe zai kai wata da watanni. In na buɗa bakin tsohuwarka ne da haƙoranta sunka yi rauni, nemi matsakaici ko mai taushi ka sayi kaɗan-kaɗan. In na kunun aya ne ko gari ko rabo, asara ce ka sayi na kwali.

Bari in faɗi ra'ayina kan waɗanda na ɗanɗana, da sunansu na can da kamanninsu don ka gane su ko da wane suna anka kira maka su. Degla Beida shine farin nan mai ɗan rawaya-rawaya, dogo, fatarshi sumul, tauri gareshi sosai har in ka jefa shi cikin kwano sai yayi ƙara, asalinshi wajen Tugurt da Wad Suf ne ba Tuwat ba amma hanyarmu yake biyowa da yawa. In ka tauna zaka ji gari-gari, zaƙinshi baya hawa kai, a ƙarshe yana barin ɗan bauri a harshe. Ci haka nan ba kowa yake so ba, kuma ƙwallonshi babba ne, amma wurin daka gari ni ban ga kamarshi ba, baya cuɗewa cikin turmi. Mech Degla ƙanenshi ne a ido, ya fi shi gajarta, launin ƙasa-ƙasa mai haske, yana ɓarewa cikin sauƙi kuma yana da garɗi kamar biskit, in ka haɗa shi da soyayyar gyaɗa ko aya zaka gane abinda nake nufi. Yarana shi suke wawa.

Sai na Tuwat ɗin kansu. Hmira, wasu su ce Tilemsu, ja ne kamar yadda sunan ya nuna, matsakaici ne yana ɗan lanƙwasa in ka matsa, zaƙinshi ya fi na fararen nan nesa ba kusa ba, kuma a ganina shine ya fi kowa biyan kuɗɗinshi, don zaka buɗa baki da shi ba sai ka jiƙa ba, zaka yi kunun aya da shi ya ba da launi mai kyau har ka rage sukari ko ka bar shi gaba ɗaya. Aibinshi ɗaya, ƙwari na sonshi kamar yadda muke sonshi, dole a bincika shi da kyau. Tinnaser ya fi shi bushewa, baya da wani ƙamshi na a zo a gani, na rabo ne da na ajiya, ba laihi. Tegazza na wajen Awlef da In Salah shima ja-ja ne, in sabo ne yana da danƙo kaɗan mai daɗi, in ya kwana biyu sai ya ƙanƙance fatar ta yamutse. Wanda nake roƙon Allah in gani shine Takerbusht, gajere mai ƙiba kamar ƙwallon goriba ƙarama, nama gareshi sosai, baya zuwa da yawa, in ka ganshi kar ka tsaya dogon ciniki. Manoman can suna ji da shi saboda yana jure bayud, wata cutar ƙasa da ta kashe miliyoyin itatuwan dabino a Maroko da yammacin Aljeriya. Akwai kuma Ghars na wajen Wargla, baƙi-baƙi mai laushi da ake dannewa ya zama curi guda, shi suke sawa cikin makrut, wani cincin nasu mai dabino a tsakiya. Zaƙi kamar zuma, amma tunda a cure yake baka ganin abinda ke ciki, sai ka sa an yanka maka tsakiya ka duba ko akwai yashi, ƙwari ko warin tsami.

To yanzu ga ka gaban buhu. Ka yi sallama, ku gaisa da mai kaya sosai, ka tambaye shi kai tsaye: "Alhaji na bana ne ko na bara?" Yawancinsu in sunka ga ka san abinda kake tambaya zasu gaya maka gaskiya, wani ma ya ce "Malam bar wanga, zo ka ga wancan." Na bara ba haramun bane, in busasshe ne an ajiye shi da kyau yana ciwuwa, amma kuɗɗinshi bai kamata ya zama ɗaya da sabo ba. Daga nan ka nemi izini ka tura hannu can ciki har gwiwar hannu, ka ɗebo daga tsakiya, in buhu guda zaka ɗauka ka sa a juye shi bisa tabarma ko leda a gabanka ko da zaka ba yaron shago ɗan wani abu. Wannan na koye shi da ciwo. Wata shekara ana saura kwana uku azumi na sayi buhu wurin wani mai kaya, sama ja ne mai kyau sabo, na biya na ɗora bisa adaidaita na kai gida ina murna zan raba ma dangi, da maman yara ta juye cikin roba sai ga ƙasan buhun duk gari da saƙar tsutsa, kusan kashi ɗaya cikin uku bai ciwuwa. Abinda ya fi min zafi na riga na aika ma gwaggona kwano guda daga ciki. Da na gaya ma kawu sai ya ce "ɗana, ai buhu daga gindi ake sayenshi." Tun ranar ban ƙara sayen buhun da ba a juye ba.

In an juye, fara duba abinda ya rage a gindin buhun. Ɗan yashi da ɓawo ba komai bane, hamada ya ratso. Amma in kaga gari mai laushi launin ƙasa kamar garin katako, ko ƙananan ƙwari na gudu, ko zare-zare kamar saƙar gizo ya haɗe ƙwayoyi biyu-uku, to akwai baƙi a ciki. Sai ka kai hanci. Dabinon ƙwarai ƙamshinshi kaɗan ne mai sanyi. Warin tsami irin na kunun da ya kwana yana nufin ya jiƙa ya fara ruɓa, wannan ko kyauta kar ka karɓa. Akwai kuma warin gazuwal ko esansi, don wani lokaci ana loda buhunna kusa da tano ko bido a mota, kuma dabino na shan wari, wanki baya hidda shi, shanya ma bata hidda shi, na gwada.

Sannan ka ƙirga ƙwaya 20 daga wurare daban-daban ka ɓare su ɗaya bayan ɗaya, ka biya kuɗɗinsu in ya kama. Tsutsar dabino ɗiyar wani ƙaramin malam-buɗe-littahi ce na dare, tana shiga tun a gona, sau da yawa ta wajen hular nan da ke kan ƙwayar, ta zamna jikin ƙwallo tana ci tana barin kashinta ƙanana-ƙanana, daga waje ƙwayar lahiya lau. Shi yasa ƙwayar da hularta ke manne ta fi ba ni kwanciyar hankali bisa wadda bakinta ke buɗe. Dokata ni, in cikin 20 na samu ɗaya zan saya, in biyu ko uku ne sai an rage min kuma na san aikin tsinta na jirana, in ya wuce haka in yi godiya in wuce gaba. In ka ɓare kaga baƙin gari kamar toka ko gawayi a ciki, hunhuna ce, a zubar, kar a ba yara kar a sa cikin kunu da sunan ai za a tace. Amma kar ka rikita ta da sukarin da ke hitowa: tsohon dabino mai taushi yakan yi fari-fari ƙarƙashin fata, in ka murza zaka ji tsaki-tsaki, in ka lasa zaƙi ne kuma ya narke. Wannan ba cuta bane, alama ce dai ya daɗe, hujjar neman ragi ce.

Wurin ɗanɗano kar ka je da ƙoshin shayi mai sukari ko goro a baki, komai zai zame maka ɗaya. Riƙe ruwanka, fara da busasshe mai ƙarancin zaƙi ka ƙare da mai taushi, kana kurɓar ruwa tsakani, don in ka fara da Ghars ko Deglet Nour duk wanda ya biyo baya zaka ji shi lami ka zalunce shi. Tauna a hankali ka lura da fatar, tana narkewa tare da naman ko tana rabuwa ta manne maka a ganda kamar leda, ka lura ko zaƙin mai tsabta ne ko yana da maƙaƙi a maƙogwaro, sannan bayan ka haɗiye ka ɗan jira kaji abinda ya bari. Ɗan bauri a busasshe ba aibi bane. Ɗaci ko tsami aibi ne. Mai ciwon sukari kuma don Allah kar ya biye ma masu cewa zaƙin dabino baya komai, sukari ne cike da shi, ya tambayi likitanshi ƙwaya nawa zai ci.

Ba ina hana sayen na kwali bane, nima in zan kai ma surukaina gaisuwar azumi shi nake riƙawa. Amma shima a duba. Deglet Nour na ƙwarai in ka ɗaga shi ga haske zaka hango inuwar ƙwallon ta cikin naman, launin zuma, daga nan sunan ya samo asali, nur wato haske. Mai kyan yana zuwa manne da reshenshi na ainihi kuma baya da sheƙi sosai. Wanda ke walƙiya yana manne ma yatsa, an jera shi da ɗan sanda na roba a tsakiya, galibi wanda ya bushe ne anka turara shi anka shafe shi da ruwan sukari, juya kwalin ka karanta, in kaga an rubuta sirop de glucose to ka san wani ɓangare na kuɗɗinka sukari ka saya, ga shi yana kiran ƙuda da tururuwa. In an rubuta naturelle ko branchée shine wanda ba a taɓa ba. Duba kwanan wata, kuma ka sa a buɗe kwalin, don wanda ya zamna cikin rana bakin titi yana gumi cikin leda ya yi tsami ko da kwanan watan bai cika ba.

Wajen kuɗi ba zan faɗi farashi ba tunda yau da gobe ba ɗaya ba, hanya in ta samu matsala ko duwan ta tsananta sai kaga ya tashi cikin sati. Abinda zan ce, wani na sayarwa da tiya wani da kilo, kar ka kwatanta su da ka. Busasshe mai manyan ƙwayoyi na cika tiya da iska. Ka sayi na dala ɗari-ɗari wurin mutum biyu ko uku, ka je gida ka cire ƙwallayen da waɗanda sunka lalace ka tara naman kowanne gefe guda, idonka zai nuna maka wa ya fi araha da gaske. A ce wani kilo jaka guda amma kashi ɗaya cikin huɗu zubarwa zaka yi, wani jaka da dala arba'in amma duka ciwuwa yake, kaga na biyun ne mai arahar. Lokacin saye ma na da muhimmanci. Can ana girbi ne daga ƙarshen damanarmu har zuwa watan Disamba, sabon kaya na isowa da sanyi, azumi kuma duk shekara yana matsowa da kamar kwana 11, yanzu yana faɗowa ƴan watanni kaɗan bayan girbi, to ba dalilin da zai sa a ba ka na bara da kuɗɗin na bana. Saya tun Rajab ko farkon Sha'aban in Allah ya hore, kafin cunkoso. In buhu ya fi ƙarfinka ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa ku raba, haka muke yi da abokan masallacinmu.

Ajiya ita ce rabin aikin. Da ka kai gida kar ka jingine buhun a ɗaki ka manta. A baje shi bisa tabarma mai tsabta, a zamna da yara a tsince duk mai huda da mai laushin ruɓa, a shanya shi cikin rana mai zafi wuni guda an ruhe da yadi marar kauri saboda ƙuda, ƙwarin da ke yawo zasu gudu. In kana da firigo mai yin ƙanƙara kuma wuta na zama, ƙulla shi cikin leda kashi-kashi ka sa wurin ƙanƙarar kwana huɗu zuwa sati, sanyin na kashe tsutsa da ƙwanta, in ka hiddo kar ka kwance ledar sai ya huce da kanshi don kar raɓa ta kwanta mishi. Wanda baya da firigo, ga dabarar da ni nake yi: buhun PICS ɗin nan mai leda biyu a ciki da muke ajiye wake, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maraɗi na cikin waɗanda sunka gwada shi, in ka zuba busasshen dabino ka matse iskar ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin iska ke ƙare musu su mutu. Bido mai murhi mai kyau wanda bai taɓa ɗaukar mai ba shima yana yi in ka cika shi taf. Sharaɗin dai dabinon ya zama busasshe ƙayau, mai taushi in ka toshe shi cikin zafi tsami zai yi. Ka ware na cin sati guda daban don kar a riƙa buɗe babban kullum. Kuma ina roƙonku da girman Allah kar a barbaɗa ma dabino hodar maganin ƙwari, kar a jefa ƙwayar nan mai hayaƙi da ake sa ma buhunnan hatsi cikin ɗakin da mutane ke kwana, gubarta na kashe mutum, dabino kuma ba dahuwa ake mishi ba, daga hannu sai baki.

Kar a wanke shi duka lokaci guda, a wanke na ci kawai. In busasshen ya yi ma tsoho tauri, maman yara wanke shi take bayan la'asar ta ɓare ta cire ƙwallo, ta zuba cikin kwano da ɗan ruwan ɗumi ko madara iya wanda zai jiƙa shi ba ya nutse ba, ta ruhe, kafin a kira magariba ya yi laushi, ko ta turara shi bisa madambaci minti kaɗan kamar dambu. Wanda anka jiƙa a cinye shi ranar, baya kwana. Na kunun aya a jiƙa shi daban da ayar don shi baya buƙatar daɗewa, a markaɗa tare da kwakwa da ɗan citta da kanumfari, ruwan jiƙon ma a zuba ciki tunda zaƙin na nan. Na gari kuma, farin nan Degla Beida ko Mech Degla, a ɓare a cire ƙwallo a ƙara shanya shi kwana biyu-uku har ya riƙa karyewa ƙas, sannan a daka a tankaɗe, kuma a yi shi da rani ko da sanyi, in damana ta shigo iska ta yi laima garin dunƙulewa yake cikin kwalba. Shi muke sa ma yara cikin koko da sahe madadin sukari, in kuma an samu cuku daga Abalak ko Dakoro sai a daka shi da gero da dabinon a dama irin na Buzaye, kofi guda da sahur yana riƙe mutum har azahar ta wuce.